Fuskar da Babu a Taswira

Duk wanda ya miƙa wa Dou Shulan ɗinki don ta yaba, sai ta fara juya shi ta duba bayansa. Haka take tun tana aiki a masaƙa, haka ta ci gaba bayan ta yi ritaya, kuma halin nan ya raba ta da mutane da dama. Gaban ɗinki, in ji ta, kowa ya iya. A baya ne ake gane wadda ta ƙulla zare don ganda, da wadda ta ja zare ɗaya ta tsallake ido goma don kada ta yanke ta sake sakawa.

Sana'arta ita ce ƙarasa ɗinkin mutane. A birnin Jiamusi, can arewacin ƙasar Sin, da wuya ka shiga gidan da babu ƙyallen ɗinkin gicciye, irin na adon bango, da aka saya da zumuɗi, aka yi kusurwa ɗaya, aka tura ƙarƙashin gado. Idan biki ya matso, sai mai shi ta kai shagon Bai Guizhi da ke kasuwa, Guizhi ta miƙa wa Shulan, Shulan ta ƙarasa. A sa a firam, a rataye a falo, matar gida ta riƙa nuna wa baƙi yatsunta tana cewa shekara uku ta yi a kai. Sharaɗin aikin ɗaya ne: kada a gane inda hannu ya canza. Shulan takan zauna ta nazarci hannun mai ƙyallen, yadda take jan zare da yadda take sakinsa, sannan ta ari hannun ta ci gaba. Ko gashinta ne ya shiga ɗinki, hantsaki take sawa ta zare shi. Aikinta na rataye a gidaje fiye da ɗari, babu gida ɗaya da ya san sunanta.

Ita kaɗai take zaune a hawa na biyar, a benen da masaƙa ta gina wa ma'aikatanta tun kafin a rufe ta. Mijinta ya rasu shekara shida da suka wuce. 'Yarta ɗaya, Manli, tana can Chengdu tana yi wa wani kamfani zane-zanen dodanni da birane masu yawo a sama, kuma rabonta da gida shekara huɗu ke nan. Duk Lahadi takan kira, su yi minti uku: kin ci abinci, ya sanyi, kina shan magani. Sau ɗaya ne ta faɗi abin da Shulan ta riƙe.

"Mama, ina yi miki wani abu da hannuna. Ranar da za ki cika sittin da shida zan kawo miki da kaina."

A al'adarsu, ranar cika sittin da shida, 'ya mace ce ke zuwa ta naɗa wa mahaifiyarta ƙananan jiaozi, ƙullin fulawa mai nama a ciki, guda sittin da shida, ta zauna ta ga ta cinye. Shulan ba ta iya irin wannan magana a waya ba. Amma tun ranar take lissafin watanni.

A watan da ƙanƙarar kogin Songhua ta fara tsagewa, ta je shago mayar da wani aiki. Tana shiga ta ga Guizhi na tura wani naɗaɗɗen ƙyalle ƙarƙashin tebur da ƙafa. Guizhi mace ce da ba ta iya ɓoye ko tari ba.

"Mene ne wancan?"

"Ba naki ba ne, Yaya Shulan."

"Na wa ne? Wa kike da shi da ya fi ni?"

"Na ce ba naki ba ne. Ga dawakai takwas can a wani ƙyallen suna jiranki, ƙafa biyu kawai aka yi musu."

"Su jira, ai ba gudu za su yi ba. Miƙo."

Ƙyallen ya kai tsawon gado. Kashi ɗaya cikin huɗu aka yi, duk shuɗin sama da wutsiyar wani abu mai kama da kifi. Shulan ta juya shi kamar yadda ta saba. Ƙulli ne birjik, wani kan wani. Ta buɗe baki za ta zagi mai aikin, sai ta mayar da shi gaba, ta karkata shi wajen haske. Zaren sama na kowane gicciye ya kwanta hagu maimakon dama. Hannun bahaguwa ne. A tsakiyar shuɗin kuma ga wani dogon gashi mai jan rini an ɗinke shi ciki.

Ta gane hannun da gashin, na Manli ne.

"Yaushe ta aiko?"

Guizhi ta sauke numfashi. "Shekaranjiya. Ita ta zana shi, ita ta fitar da taswirar ɗinkin, shafi sittin. Ta ce aiki ya sha kanta, in nemi mai hannu ta ƙarasa kafin ranarki. Ta ce, Anti Guizhi, don girman zumunci kada Mama ta ji. Ai ba ta san kina wannan aikin ba, Yaya."

"In ba a gama ba fa?"

"Kin san 'yarki. Kin san ba za ta zo miki hannu rabbana ba, bayan ta cika baki."

"To wa za ki ba? Matar nan mai ɗinki tana kallon talabijin? Ko wadda kyanwarta ke kwana kan ƙyalle?"

"Haba Yaya, a ce ke za ki ɗinka kyautarki da kanki? Ina aka taɓa haka?"

"Naɗe min. Kuma in kika buɗe bakin nan naki, na daina shigowa shagon nan."

Ta hau bene da shi a kafaɗa, tana hutawa a kowane hawa. Ta lissafa: gicciye dubu ɗari da tamanin suka rage, watanni bakwai. Zai yiwu, in ba ta yi ciwo ba, in kuma ta yi amfani da kowace rana tun fitowarta. Shulan ba ta ɗinki da fitila. Fitila maƙaryaciya ce, takan mayar da shuɗi uku su zama ɗaya.

Wahalar ba a yawan ba take. Wahalar ita ce arar hannun Manli. Shekara arba'in Shulan na kwantar da zare dama, yanzu sai ta kwantar hagu. Shekara arba'in tana soke bakin zare ƙarƙashin 'yan'uwansa ya ɓace, yanzu sai ta ƙulla. Ƙullin farko da ta yi, sai da ta tashi ta zaga ɗaki don haushi. Har hannunta ya kai ga hantsaki zai zare jan gashin nan, sai ta fasa, ta bar shi inda yake.

Wannan hannun ta san shi tun yana ƙarami. Manli na da shekara goma sha ɗaya ta zana doki mai fukafukai a takardar lissafi, ta kwashe hutun makaranta tana ɗinka shi a ɓoye, ta kawo wa uwarta. Shulan ta juya shi ta duba baya. Washegari, yarinyar na makaranta, ta warware shi tas, ta sake ɗinka shi yadda ya kamata, ta goge, ta ajiye mata a kan matashi. A ganinta gata ta yi mata. Manli ta dawo ta kalli dokin, ta ce, "Na gode, Mama," ta sa a aljihun tebur. Ba ta ƙara riƙe allura a gaban uwarta ba. Shulan ta ɗauka ƙiwa ce irin ta yaran yanzu.

Taswirar ba ta zo da hoton abin da ake ɗinkawa ba. Alamomi ne kawai a cikin gidaje ƙanana, ɗigo, tauraro, ƙugiya, kowace da lambar zarenta. Sai ta gama shafi take sanin abin da ta yi. Da farko tsaki take ja. Mutane na ɗinka furanni da dawakai da kalmar sa'a, abin da za a rataye baƙo ya gane. Wannan kuwa shirgegen kifi ne yana iyo cikin gajimare, da wata biyu a sama, ɗaya kore. Ina aka taɓa ganin koren wata? Ga kuma wuraren da gicciye ɗaya tak ke da launinsa, sai ka saka zare, ka yi ɗaya, ka yanke. Ta ce lallai wadda ta fitar da wannan taswira ba ta tausayin mai ɗinki.

Ranar Lahadi wayar kan yi ƙara, ta ɗauka, allura na soke a rigarta.

"Ya abin da kike yi min?"

"Ina kai, Mama. Yatsuna duk sun yi kanta."

"Ki riƙa hutawa. Kada ki yi da fitila."

"To, Mama."

Sai ta ajiye waya ta dubi nata yatsun. Ƙaryar ba ta ba ta haushi ba, abin da ya ba ta mamaki ke nan. Daɗi ma take ji. A shekara huɗu, wannan ne karo na farko da suke da wani abu ɗaya a tsakaninsu, ko da ɗaya ce kawai ta sani.

Bazara ta shigo da dogayen ranakunta. A ƙasa, matan unguwa na rawa a fili da yamma, rediyonsu na tashi har hawa na biyar. Ba wadda ta hau ta kira ta, don ta taɓa juya ɗinkin yawancinsu. Takan yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba sai zare, in ya harɗe. Bayan kifin ya fito, kuma a kansa akwai birni. Ta ɗinka hasumiya mai tsini, ta ɗinka gada da aka rataye da igiyoyin fitilu, ta ɗinka wani dogon bututun hayaƙi mai jan zobe biyu a wuya. Nan ta tsaya. Ta ɗaga kai ta leƙa taga. Bututun masaƙa na nan tsaye inda yake, da jan zobensa biyu da suka koɗe.

Daga nan ta daina tsaki. Ga rumfar mai gasa dankali a bakin titi. Ga bishiyar da Manli ta faɗo daga kanta ta karya haƙori. Yarinyar nan ta kwashe unguwarsu kaf ta ɗora wa kifi a baya, ta tashi da ita sama. Shulan ta fara gaggawar gama shafi don ta ga na gaba, abin da ba ta taɓa yi wa aikin kowa ba.

A shafi na hamsin da biyu ta iso benensu. Lokacin rana ta fara gajarta, ƙarfe huɗu duhu ya kawo kai, saura mako shida. Tagogin benen duk duhu ne, sai ɗaya a hawa na biyar mai ruwan ɗorawa. A cikinta mace ce zaune, ta sunkuya kan ɗinki. A bayanta yarinya ce tsaye, tana riƙe da wani farin abu, gicciye huɗu kacal. Shulan ta bi alamomin kan matar ɗaya bayan ɗaya. Baƙi, baƙi, baƙi. Ta duba ko ta tsallake layi. Ba ta tsallake ba. Kan matar gashi ne zalla, babu ido, babu kunci. Ƙeya ce. Matar ta ba yarinyar baya.

Ta ɗinka shi yadda aka rubuta, don ita ba ta taɓa saɓa wa taswira ba. Ta gama, ta ja da baya ta kalla. Sai kunya da baƙin ciki suka rufe ta a haɗe. Manli ba ta zana wannan don ta rama ba, Shulan ta san haka. Ta zana abin da ta fi gani ne. In ka tambayi yarinyar nan kamannin uwarta, ƙeya za ta fara tunawa.

Kwana biyu ba ta taɓa allura ba, ga lokaci na tafiya. A rana ta uku da hantsi ta ɗauki ƙaramin almakashi ta warware gicciye goma sha ɗaya daga kan matar. Ta buɗe gwangwanin ragowar zarenta, ta zaɓi launin fata. Goma ta yi kunci da goshi da ɗan hanci, ɗaya baƙi ta yi ido. Matar ta waiwayo. Sai da ta gama ta lura ashe zaren ya kwanta dama, kuma babu ƙulli ko ɗaya a baya. Hannunta ne ya yi abinsa. Ta kalli wurin, ta san in haske ya bugo ta gefe zai nuna. Ta bar shi.

Ta ƙarasa saura kwana goma sha biyu. Ta wanke shi da ruwan sanyi, ta goge ta baya, ta kai wa Guizhi. Ta biya kasuwa ta sayi sabon bargo, don gadon Manli ya daɗe ba a kwana a kai ba.

Bayan kwana uku Guizhi ta hau bene da kanta, tana haki. Tun daga yadda ta ƙi zama Shulan ta gane.

"Faɗi."

"Ta ce in sa a firam in kawo miki ranar. Wai a makon ne aikinsu zai fita, an hana kowa hutu. Ta yi kuka a wayar, Yaya, da kunnena na ji."

"Ta ga aikin?"

"Na tura mata hoto daga nesa. Ta ce mai ɗinkin ta iya."

"Ai kuwa ta iya," in ji Shulan. Ta shiga ɗaki ta ninke sabon bargon ta sa a kabad. Wata bakwai ta yi tana jan 'yarta gida da zare, ashe ƙyallen kawai ta jawo.

Ranar cikar shekarar, tun da safe ta kwaɓa fulawa, ta yanka kabeji da nama, ta naɗa jiaozi ƙanana kamar kan babban yatsa. Ta ƙirga su sittin da shida, ta jera a faranti. Wajen sha ɗaya masu dako biyu suka hau da firam ɗin suna ƙunƙuni, Guizhi na bayansu da waya a ɗage.

"Ta ce in ɗauki fuskarki lokacin da za ki gani. Yaya, ki yi mamaki mana."

"Kai! Wannan fa?" in ji Shulan, murya a bushe.

"Haba, ko akuya aka ba wa ai ta fi ki motsi. Sake."

Ta sake. Aka rataye kifin a bangon da ke kallon taga, ya cinye bangon gaba ɗaya. Guizhi ta bi shi da waya daga wutsiya har kai, a hankali, ta tura. Ta ce za ta zauna su ci tare, Shulan ta ce shago ba ya tsare kansa. Da ƙofa ta rufu, ta dafa jiaozin, ta zauna gaban kifin da farantinta.

Ta ci goma sha tara wayar ta yi ƙara.

"Mama, barka da cika shekara. Ki yi haƙuri, na so…"

"Na sani. Aiki ne. Abin ya yi kyau."

"Kin juya bayansa?" Manli ta yi 'yar dariya, irin ta mai jiran duka.

"An riga an rufe da katako."

"Ai gara." Shulan na jin hayaniyar ofis a bayanta, sai kuma ta ji an rufe wata ƙofa, hayaniyar ta ɗauke. "Mama, ki matsa kusa da benen. Ki ɗaukar min tagar nan mai haske. A bidiyon Anti Guizhi ban gani sosai ba."

Shulan ta tashi. Ranar hunturu ta shigo ta gefe, ta kwanta kan gilashin, gicciye goma sha ɗayan nan suna ɗaukar ido daban da dubban da ke kewaye da su. Tana iya cewa wayarta ba ta ɗaukar hoto da kyau. Ta ɗauka, ta tura, ta mayar da wayar kunne.

Manli ce ta zana kowane gida na taswirar nan da hannunta. Ta kuma san mai ɗinkin haya ba ta ƙara ko ɗigo, balle ta juya kan mutum.

"Mama." Muryar ta canza, ta koma ta yarinya. "Wane zare kika sa a fuskar?"

Shulan ta dafa bango. "Ragowa ne. Na wani aiki."

"Ya yi haske da yawa. Ke ba fara ba ce haka."

"Na gani. Da rana na zaɓa, amma idona ya fara…" Ta laluba aljihun rigarta, inda almakashin yake kullum. "Abu ne mai sauƙi. In sa Guizhi ta buɗe katakon, minti goma ne, in warware in…"

"A'a."

"Ai ba daidai yake ba, Manli. Har kwanciyar zaren ba…"

"Mama, kada ki warware. Kin ji? Ki bar shi yadda yake."

Shulan ta zaro hannunta daga aljihu.

"Na ji," ta ce. "Ba zan warware ba."

Aka ƙwanƙwasa wa Manli ƙofa a can, ta ce ana nemanta, za ta sake kira. Ba ta ce yaushe ba, ba ta kuma ce za ta zo ba. Shulan ta koma kujerarta. Jiaozin sun huce, saura arba'in da bakwai. Ta jawo kujerar kusa da bango, daidai tagar, ta ajiye wayar a gefen farantin, fuskarta sama, ta ci gaba da ci.